Me ya sa ƙaramin jirgina ke fitowa a hoto kamar kayan wasan yara?

Ɗan Tarago:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau ni ne da ƙoƙon bara. Shekara biyu ke nan ina gina ƙaramin layin dogo a kan teburi, ma'aunin HO, wato komai an rage girmansa sau 87. Akwai tasha, akwai gada, akwai ramin da jirgi ke ratsawa ta ƙarƙashin tudu. Duk wanda ya shigo ɗakin sai ya riƙe baki. Amma da na ɗauki hoto sai aikin ya koma kayan wasan yara. Goshin injin ya fito garau, daga taragon farko zuwa baya kuwa dishi-dishi. Launin kuma rawaya-rawaya kamar tsohuwar takarda. Na kunna filasha, gaba ya yi fari fat, baya ya yi baƙi ƙirin. Kyamarar mai sauya gilashi ce, sansarta, wato idon da ke kama hoto a cikinta, matsakaiciya ce mai suna APS-C, gilashin 18-55 da ta zo da shi, kuma a otomatik nake barinta. Laifinta ne in nemi wata?

Sabon Shiga:
Na jawo kujera. Ciwonmu ɗaya, ni ma ina jiran magani.

Baba Mai Fim:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka sayi komai tukuna. Amsa mini uku. A tsaye ka ɗauka ko a durƙushe? Buɗe bayanin hoton ka karanto mana lambobin da kyamarar ta zaɓa. Sannan fitila nawa ce a ɗakin?

Ɗan Tarago:
A tsaye nake Baba. Ta rubuta f/5.6 a ƙofar haske, 1/60 na daƙiƙa a buɗewar marufi, ISO 1600 a ƙarfin jin haske. Ƙwan lantarki huɗu ne a silin, ga kuma taga a gefe.

Baba Mai Fim:
To ruwa ba ya tsami banza. Mu fara da tsayuwar. Mutum mai tsawon mita 1.7, idan ka rage shi sau 87, idonsa bai wuce santimita 2 daga ƙasa ba. A ma'aunin N, mai 1:160, santimita ɗaya da ɗan ɗoriya ne. Kai kuma ka tsaya kyamararka ta ɗara teburin da rabin mita, wanda a duniyar jirginka ya haura mita 40. Wa ka taɓa gani ya kalli tasha daga can in ba tsuntsu ba? Ido ya saba ganin inji ya fi shi tsawo, ƙafafunsa na ƙarfe sun kusa kai masa ƙirji. Sauke gilashin har ya kusa taɓa layin. Wannan kaɗai zai kashe rabin matsalarka, kuma ko sisi ba ka kashe ba.

Injiniya87:
Baba ya yi gaskiya. Shi ya sa a 2016, da Google ta shigar da Miniatur Wunderland, katafaren wurin baje kolin ƙananan jiragen ƙasa na birnin Hambog a Jamus, cikin Street View, tsarinta na yawon tituna a hoto, ƙananan kyamarori aka ɗora a kan ƙananan motoci da jiragen wurin, suka bi tituna da layuka a tsayin mutanen roba.

Amma da zarar ka sauko ƙasa, ciwon dishi-dishin zai ƙaru, don yanzu jirgin ya miƙe daga hancin gilashi zuwa nesa. Ga lissafin a taƙaice. A sansa irin taka, idan faɗin abin da ya cika hoton kamar santimita 23 ne, zurfin wurin da zai fito garau a f/5.6 bai wuce santimita 2 da rabi ba. A f/11 kamar 5, a f/22 kamar 10. Inji da taragu shida na HO sun haura mita ɗaya. Ka ga ke nan kyamararka ba ta yi laifi ba, abin da ka ba ta ta yi.

Kuma ƙwaƙwalwa ta san wannan sirrin ko mai ita bai sani ba. Kun taɓa ganin hoton gari na gaske da aka dusashe samansa da ƙasansa, ya koma kamar na roba? Dishi-dishin ne ke raɗa wa ido cewa abin ƙarami ne. Mu akasin haka muke nema.

Baba Mai Fim:
Madalla. Maganin kuwa tsoho ne. Cire ta daga otomatik, kai ta M, inda kai za ka saita komai da hannu. Tsuke ƙofar haske zuwa f/22, sauke ISO zuwa 100, ɗora ta a kan mai ƙafa uku ko jakar yashi. Da hasken ɗakinka, marufin zai zauna a buɗe kamar daƙiƙa 4. To ina ruwanka? Jirgin a tsaye yake, ba inda za shi. Sa mata jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya girgiza ta, ka kashe na'urar hana rawa ta gilashin tunda a kafe take. Shi ke nan.

Injiniya87:
Baba, a gafarce ni, nan ne za mu ɗan saɓa. F/22 a sansar APS-C asara ce. Idan ƙofar ta tsuke sosai, haske kan lanƙwashe a gefen ramin ya bazu, sai ɗigon da ya kamata ya sauka wuri ɗaya ya zama ɗan tabo. Daga wajen f/11 ake fara ganin haka. A f/22 komai zai yi laushi daidai wa daida, ƙusoshin jikin injin da rubutun tarago su narke. Ka sayar da kaifi ka sayi santimita 10, alhali mita kake bukata.

Abin da nake yi shi ne jera saiti. In tsaya a f/8, in kashe saitin otomatik, in saita a ɗan gaban hancin injin in ɗauka, in murza zoben kaɗan in sake ɗauka, haka har bangon baya. Yawanci hoto 15 zuwa 25 ke isa ta. Sai manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker ko Photoshop ta tsinto garau ɗin kowane hoto ta haɗe su wuri ɗaya. Wasu kyamarorin ma da kansu suke murza saitin, Nikon D850 ta zo da wannan tun 2017.

Baba Mai Fim:
Hoto 25 don jirgi ɗaya! Ɗana, akwai wani mutumin Amurka, John Allen, a garin Monterey na jihar Kalifoniya. Sana'arsa ɗaukar hoto. Ya gina layin HO da ya sa wa suna Gorre & Daphetid, duwatsunsa tun daga daɓen ɗaki suke tashi. Ya rasu a Janairun 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye layin. Abin da ya rage wa duniya yawanci hotuna ne, kuma har gobe ana koyon aiki daga cikinsu. Da wace manhaja ya yi su? Fim ne, da ƙofa tsukakkiya, da haƙuri.

Injiniya87:
Baba ai da zai samu manhajar, ina jin shi zai fara rungumarta 😄 Kuma hoton da aka buga a shafin mujalla daban yake da wanda mutum zai buɗe a allo ya ja shi da yatsu biyu har ya ƙirga ƙusa.

Baba Mai Fim:
Wa ya aike shi ƙirga ƙusa? Hoto kallonsa ake yi gaba ɗaya. Kuma ka ɓoye wa yaron nan rabin labari. Lissafinka na wanda ya cusa gilashi a hancin inji ne. Ja baya ninki biyu, zurfin ya ƙaru kusan sau huɗu, daga baya ka yanke gefen hoton. Kyamarorin yanzu ɗigonsu ya yi yawa har ya isa a yi sadaka da shi. Sannan ka karkata jirgin, kada ya fuskanto ka kai tsaye, sai tsawon da ake bukata ya ragu. Da wannan f/16 ma ta wadatar, daƙiƙa 2 kacal.

Ka kuma faɗa masa abin da manhajar taka ke yi wa wayoyin sanda da shingen tasha.

Injiniya87:
Wannan kam na sallama. Duk siririn abu da ke gaba, mai nisa da abin da ke bayansa, yakan fito da wani farin gewaye kamar hazo, sai an bi da hannu an goge. Idan kuma ka tsallake mataki ɗaya wajen murzawa, za ka ga zirin dishi-dishi a tsakiyar jirgi, sai ka sake daga farko. Ko teburin ka ɗan taɓa da gwiwa, aiki ya ɓaci. Amma duk da haka in aka ajiye biyun gefe da gefe, Baba, ka san wanda zai ci.

Anti Haske:
Ku dakata haka nan, ku maza da gardamar lamba. Tun ɗazu nake karantawa ina jiran wanda zai taɓo amsar tambaya ta uku, shiru. Ƙanena ya ce ƙwai huɗu a silin da taga. To ko ya jera hoto ɗari, kowace sandar waya a teburinsa inuwa huɗu gare ta. Rana nawa ce a sama? Ɗaya. Ido na iya yafe ɗan dishi-dishi, amma ba ya yafe inuwa huɗu.

Ɗan Tarago, kashe na silin duka, ka rufe tagar da labule mai kauri, ko ka bari sai dare. Samo fitila ɗaya mai ƙarfi ta zama ranarka. Ɗaga ta sama ta gefe, ta ɗan bayan kafaɗarka, yadda hasken zai goga jikin taragu ya fito da ƙusoshi da tsagin katako. Kuma ka kai ta nesa iyakar yadda ɗakin ya ba ka dama. Dalili: haske yana raguwa ne da ninkin nisa sau kansa. Fitilar da ke rabin mita daga gaban teburi, mita ɗaya daga bayansa, kashi ɗaya cikin huɗu kawai take kai wa bayan. Abin da filasharka ta yi maka ke nan. Mayar da ita mita 3, bayan ya zama mita 3 da rabi, sai ya samu kusan kashi uku cikin huɗu, inuwoyi kuma su jeru gefe ɗaya kamar na rana.

Ɗaya gefen zai yi duhu da yawa. Kada ka kunna fitila ta biyu a kansa. Jingina farin kwali ya mayar da hasken, ko ka haska wata ƙaramar fitila a farin silin ta zubo a hankali. Ita ce sararin samaniyarka. Ta cike duhu ba tare da ta haifi tata inuwar ba.

Ɗan Tarago:
Anti Allah ya saka da alheri. To rawayar fa?

Anti Haske:
Gauraya ce. A ma'aunin launin haske, ƙwan ɗaki mai ɗumin launi yana wajen 2700K, hasken rana na taga yana wajen 5500K ko fiye. Launi ɗaya kawai kyamara za ta iya gyarawa a lokaci guda. In ta bi taga, ɗaki ya yi rawaya, in ta bi ƙwai, gefen taga ya yi shuɗi. Duk fitilun da za ka kunna su zama lamba ɗaya. Ka duba kwalinsu kuma ka ga CRI, ma'aunin yadda fitila ke fito da launin abu na gaskiya, nemi 90 zuwa sama, in ba haka ba jan tarago zai fito kamar ya koɗe, koren ciyawa ya yi wani iri. Ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, hoton farko ka ajiye kati mai launin toka a kan layin, daga baya ka danna shi a manhaja sauran su bi.

Abu ɗaya kuma da ba wanda ke faɗa wa sabon shiga: ƙura. Ƙwayar da ta kai milimita ɗaya, a HO dutse ne mai kusan santimita 9 zaune a kan rufin inji. Gashi ɗaya igiya ce. Bi komai da buroshi mai laushi kafin ka ɗauka, ka kuma duba kowace ƙafa ta hau layi daidai. Na taɓa ɓata dare guda a kan hoto, sai da na gama na ga ƙafar taragon uku a rataye.

Malam Shiru:
Ƙari kaɗan a kan baƙin inji mai kwal. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani toka-toka. In baƙin ya cika hoton, sai ta ƙara haske har farin ginin tasha ya ƙone. Auna a kan katin tokan, ka kulle a M, ka matso da farin kwalin kusa da ƙafafun injin. Ka yarda da jadawalin haske na kyamara fiye da yadda allonta ke nuna maka a ɗaki mai duhu.

Sabon Shiga:
Don Allah mu masu waya kawai fa? Ko mu tashi mu ba ku wuri?

Injiniya87:
Zauna daram, a nan kai ne ɗan gata. Sansar waya ƙarama ce, gilashinta gajere, don haka zurfin garau ɗinta ya fi na babbar kyamara nesa ba kusa ba. Juya wayar kai ƙasa yadda idonta zai sauko dab da layi, wurin da babbar kyamara ba za ta taɓa shiga ba. Kashe filasha. Kashe tsarin nan na hoton fuska da ke dusashe baya da gangan, shi ne babban maƙiyinka. Danna yatsa ka riƙe a kan injin har saiti da haske su kulle. Jingina ta da wani abu ka sa jinkiri. Rauninta ɗaya, in haske ya yi ƙaranci takan ɗaga ISO ta shafe ƙananan abubuwa kamar an goga musu man shafawa. Ba ta haske irin wanda Anti ta ce.

Sabon Shiga:
Yanzu na juya wayar na gwada. Kai! Injina ya zama ƙato. Amma bayansa ga labulen ɗakina da ƙofar kabad 😂

Baba Mai Fim:
Ladan durƙuso ke nan. Samo babbar takarda mai launin shuɗi mai haske, ka lanƙwasa ta ba tare da ta karye ba, ka ajiye ta da ɗan tazara don kada inuwar bishiya ta hau sararin samaniya. Ko kuma in yankin layin yana ɗaukuwa, fita da shi waje ka ɗaga shi a kan wani abu mai tsawo, rana ta gaske da sama ta gaske su yi maka aiki kyauta.

Ɗan Tarago:
Hoton dare fa? Na sa ƙananan fitilun LED a cikin tasha da gidaje, amma a hoto tagogin fari fat suke fitowa, fitilar goshin inji kuma wani lokaci tana nan wani lokaci babu.

Malam Shiru:
Ta goshin ƙyaftawa take yi da saurin da ido ba ya kamawa, musamman a layi mai DCC, tsarin sarrafa jirgi da siginar dijital, idan an rage mata ƙarfi. Marufi mai sauri na iya faɗawa daidai lokacin da ta mutu. Tsawaita lokacin, matsalar ta tafi. Tagogin kuwa sun fi sauran wurin haske ne da ninki mai yawa. Dabarar: in marufin zai yi daƙiƙa 8 a buɗe, kunna fitilun gidajen na daƙiƙa ɗaya ka kashe, sauran lokacin ka bar wani raunannen haske mai shuɗi-shuɗi da ka haska a silin ya zana rufi da layi. Dare a hoto ba baƙi ƙirin ba ne. Nemi hotunan mai ɗaukar hoto O. Winston Link na jiragen gaske na kamfanin Norfolk and Western na Amurka, waɗanda ya ɗauka da dare tsakanin 1955 da 1960 da tarin ƙwayayen filasha, ka lura da inda ya sa haske da inda ya bar duhu.

Sabon Shiga:
In ina son a ga yana gudu?

Injiniya87:
Jirgin da ke kwaikwayon kilomita 60 a awa, a HO santimita 19 yake ci a daƙiƙa. A 1/30 ya matsa milimita 6, ya isa ya ɓata rubutun jikinsa. Ko dai ka bi shi da kyamara baya ya ja zare, wanda sai ka yi ta maimaitawa kafin ɗaya ya yi kyau, ko ka tsayar da shi ka ƙara hayaƙi a kwamfuta. Ni na biyun nake yi.

Baba Mai Fim:
Ga shi nan, dama na san nan za a zo. An jera hoto 25, an liƙa hayaƙi, gobe a liƙa sama, jibi a liƙa duwatsu. To me ya rage na hannun mai ginin? In na ga hoton layin mutum, so nake in ga abin da zan tarar in na shiga ɗakinsa.

Injiniya87:
Baba, ku da kuke rataya auduga da zare a kan bututun inji kuna kaɗa ta lokacin da marufi ke buɗe, wannan ba hayaƙin ƙarya ba ne?

Baba Mai Fim:
Audugar a ɗakin take, kyamara ta gan ta da idonta.

Anti Haske:
Baba wannan amsar ba ta fitar da kai ba 😄 Ni ga inda na tsaya. Jera saiti ba ƙari ba ne, gyaran gazawar gilashi ne, domin wanda ya tsaya a ɗakin idonsa na yawo daga inji zuwa tudu yana ganin kowanne garau. Hayaƙi da sama kuwa ƙari ne, a yi, amma a rubuta a ƙarƙashin hoton cewa an ƙara. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a goge tsagar gini ko a ƙara tsatsa da kwamfuta a ce aikin hannu ne.

Amma Injiniya, akwai inda Baba ya fi ka. Hotunanka da na gani, tudun ƙarshe kaifinsa ɗaya da hancin inji, launinsa ma haka. A fili ba haka abin yake ba, iska da ƙura suna sa nesa ta koɗe ta yi shuɗi-shuɗi. Ka riƙa tsayar da jerin a ƙarshen jirgi, ka bar bangon baya ya ɗan yi laushi.

Injiniya87:
Na karɓa Anti. Zan gwada barin hotuna ukun ƙarshe in gani.

Ɗan Tarago:
Jama'a na dawo, kwana biyu ina fama. Na kashe na silin, fitila ɗaya a ƙuryar ɗaki a kan kabad, farin kwali a hagu, kyamara a kan jakar yashi dab da layi. Na yi iri biyu daga wuri ɗaya: na Baba a f/16, ISO 100, daƙiƙa 5 don fitilar ta yi nisa, da na Injiniya a f/8, hoto 18. Ga su nan na ɗora, ban rubuta wanne ne wanne ba.

Baba Mai Fim:
Na farko ne nawa, kuma ya fi.

Injiniya87:
Na farkon nawa ne Baba, dubi rubutun taragon ƙarshe.

Ɗan Tarago:
Na Injiniya ne na farkon, Baba, a yi haƙuri 🙈 Sai dai na kwana ina goge hazon da ya fito a gewayen shingen gada.

Baba Mai Fim:
To ai tabarauna ne suka tsufa. Amma ku duka ba wanda ya lura da ɗan mutumin da ke kan dandamalin tasha? Ga gam nan yana ƙyalli a ƙarƙashin takalminsa, a duka hotunan biyu.

Ɗan Tarago:
Innalillahi, shekara guda yana tsaye a wurin ban taɓa gani ba. Anti, fenti marar ƙyalli zai rufe shi, ko sai na ɓamɓare shi na sake liƙawa?

Anti Haske:
Ɗigo ɗaya na marar ƙyalli da bakin tsinke ya isa. Bari ya bushe sosai kafin ka kunna fitilar, ka sake ɗauka daga wurin nan dai kada ka motsa jakar yashin, ka ɗora mana mu gani.